Na Aika Babba Wajen Malamina, Ya Kai Shi Ƙasa

Assalamu alaikum masu kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku ji ni har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, don ni ma ban ƙyale kaina ba.

Ina digiri na uku a nan London, a fannin tarihin zane-zane. Malamina dattijon Bature ne, shi ya tsaya mini na samu gurbi, da matata ta haihu har flat ɗinmu na Deptford ya zo barka. Rayuwarsa kaf ya ƙarar a kan wasu tsofaffin zane-zanen Italiya na ƙarni na sha shida: butoci da tasoshi da mazubin gishiri, irin waɗanda ake zanawa a takarda maƙeran azurfa su bi su ƙera. Shi ya dage wani shahararren gwani ne ya zana su, wasu masana suka ce ɗaliban gwanin ne. Littafin malamina a kansu na dab da fita ya sa ni in sake duba su. To ni bahago ne, duk dukan da na sha ina yaro bai canja ni ba. Ina kallon inuwar da aka yi wa marikin wata buta na ga layukan sun karkata yadda nawa ke karkata. Bahago ne ya yi su, gwanin kuwa kowa ya san da dama yake zane.

Ya tambaye ni, "Ka ga wani abu?" Na ce, "Yadda ka faɗa haka yake, Farfesa." Ta yaya zan dubi furfurar mutumin nan in ce masa aikin rayuwarka kuskure ne? A gidanmu ba a haka, sa'ansa ake nema ya ja shi gefe. Sai na tafi wajen wani farfesa da nake ganinsu tare suna shan shayi a Aldwych suna raha. Na san suna saɓani a rubuce, amma na ɗauka irin na manyanmu ne. Na nuna masa komai, na ce, "Don Allah ka gaya masa a asirce." Ya yi murmushi ya ce, "Bar mini wannan." Ashe mujalla zai kai. Littafi na fitowa sharhinsa ya biyo baya ɗauke da hujjar da na nuna masa, ya yi wa malamina kaca-kaca a idon duniya.

A cikin ɗalibansa mu biyu kaɗai muka taɓa zanen, ni da wata ɗaliba Baturiya wadda ta saba yi masa musu ido da ido, don haka zargi ya faɗa kanta. Malamina ya janye hannunsa daga aikinta, ba a jima ba ya yanke jiki ya faɗi a ofis, ɓarin jikinsa ya shanye. Ɗalibar ta tare ni a bakin tube, wato tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, tana kuka, "Kai ma ka yarda ni ce?" Wallahi shiru na yi, kunyar wannan shirun har yau ba ta sake ni ba. Matata cewa ta yi, "Baban yara, in ka yi confess za su yi cancel ɗin karatunka, mu koma gida mu ce me?"

Jiya na je duba shi asibiti a Whitechapel. Likita ya ja kunne kada a tayar masa da hankali. Malamina ya riƙe ni, da ƙyar maganar ke fita, ya ce, "Kai kaɗai ne ba ka ci amanata ba." Ita kuma ɗalibar ƙarshen watan nan makaranta za ta sallame ta a kan laifina.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi, kuma wa zan fara fuskanta?