Injin da Ke Mutuwa a Doguwar Kwana

Litinin, 18 ga Fabrairu
Zagaye goma sha ɗaya. Sha ɗaya kacal, injin ya yi hayaƙi ya mutu. Sauran ƙungiyoyi suna ta zuba ɗari-ɗari, tamu motar ta dawo a bayan janwe, lulluɓe da tamfol kamar gawa. Injin nan ya yi awa ɗari huɗu a kan teburin gwaji a masana'antarmu, ko tari bai yi ba. Mun kawo shi Sifaniya, mun miƙa wa direbanmu Duilio, ya kashe shi kafin kofina ya huce. Kwana takwas doka ta ba mu na gwaji kafin tseren farko. Ɗaya ya tafi a banza.

Talata, 19 ga Fabrairu
An sa sabo. Zagaye sha tara, shi ma ya bi ɗan'uwansa.
Duilio ya cire hular kwano, wai, "Ornella, a doguwar kwanar dama yake shaƙewa. A gadon bayana nake jin shi." Na ce, "To Baba, bari mu cire na'urori ɗari uku da ke jikin motar, mu jona wa bayanka waya." Makanikai suka kwashe da dariya. Shekararsa talatin da takwas, yana hawa dandamalin gefen hanya kamar mai bin ɓarawo, sannan ya zo yana koya min aikina. Mtsw.

Laraba, 20 ga Fabrairu
Darakta Baraldi ya kira ni. Masu kamfani suna so su san mai laifi kafin Juma'a, kuma duk wanda aka ambata ya tafi. "Ba dogon bayani nake so ba, Injiniya. Suna nake so."
Baƙin mai ne ke yanke wa injin, wannan kowa ya gani. Tankin man kuwa ni na zana shi, shekara uku ina kansa. Na rubuta cewa dukan da motar ke sha a kan dandamali shi ke girgiza bututun. Na sa hannu.
Ai ba ƙarya na yi ba. Duilio yana hawa dandamalin.

Alhamis, 21 ga Fabrairu
Inji na uku. Kada wanda ya yi min magana.

Juma'a, 22 ga Fabrairu
Mun dawo masana'antarmu a Modena. An sauke Duilio. Direban ajiya zai tuƙa mako mai zuwa, idan ya gama lafiya kujerar ta zama tasa.
Mun yi kiciɓis da Duilio a ɗakin cin abinci, yana riƙe da farantin taliya. "Na karanta, Injiniya. Kin iya rubutu." Ya wuce abinsa. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Mutumin nan ko faɗa bai iya ba, abin da ke ƙara ƙona min rai ke nan.

Lahadi, 24 ga Fabrairu
Na je wurin Mama bayan coci. Na ba ta labari tana murza ƙullu, ba ta ko ɗago ba. "Ke tun kina ƙarama, in kika fasa faranti sai ki ce teburin ne ya karkace." Haba Mama! Me ta sani game da inji? Na tafi ban jira an sauke tukunya ba.

Talata, 26 ga Fabrairu
Sifaniya kuma. Sabon direba ya yi zagaye casa'in da shida, injin lafiya lau. Gareji ya kaure da tafi, Baraldi har da rungume ni.
Ban san abin da ya kai ni ba, da rana na buɗe bayanan doguwar kwanar. Don in tabbatar wa kaina ne kawai. Sai ga shi: duk zagaye ƙarfin mai yana faɗuwa, na ƙiftawar ido, ya dawo. Wannan direban bai taɓa dandamali ko sau ɗaya ba.
Na taka har kwanar, na tsaya bayan shinge. Daƙiƙa shida mota na shan kwanar dama. Man duka yana tattaruwa a hagun tanki, famfo ya zuƙi kumfa. Sabon yana ɗaga ƙafa daga totur don tsoro, shi ya sa injin ke tsira. Duilio ba ya ɗagawa.
Teburin gwaji ba ya shan kwana. Awa ɗari huɗu a tsaye cak, ni kuma ina ta cika baki. Tir!

Laraba, 27 ga Fabrairu
Babu wanda ya lura. Injiniyoyi arba'in, kowa da kwamfuta biyu, makafi duka! In na yi shiru sai a tseren farko zai fashe, a lokacin ana iya ɗora wa zafi ko taya ko shaiɗan.
Duilio ya zo cikin kayan gida, ya zauna a lungu yana kallon wani a motarsa. Ya sa min kofi a gefen tebur. Wa ya aike shi? Ban sha ba.

Alhamis, 28 ga Fabrairu
Da safe na kai wa Baraldi takarda, na rubuta cewa laifin tankina ne. Ihunsa har garejin maƙwabta. "Kin haukace? Na riga na ba su suna! Yanzu naki zan kai." Na ce ya kai, ai ya iya rubuta shi.
Mun cika tankin fiye da ƙima, dabarar wucin gadi. Tsohon ya koma mota da rana, zagaye saba'in, ƙafarsa danne da totur. Da ya fito ko godiya babu. Wai, "Injiniya, yanzu wa zai gyara min tankin?" Na ce ya tambayi darakta, ni ranar Litinin zan miƙa katin shiga masana'anta.
Shekara goma sha huɗu ina kamfanin nan. Ba zan yi kuka a kan wannan ba.
Na zana sabon tankin a filin jirgi, da shinge uku a ciki don su tare man. Zan bar wa shugaban makanikai, babu sunana a kai. Ba don tsohon ba. Tankina ne, ba zan bar shi a haka ba.