Sifikar Kawu da Talabijin ɗin Inna

Yaya Habu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya Anti Rabi da yara, ya kuma sanyin can? Mu nan Unguwar Mu'azu lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake.

Talabijin mai kala da ka aiko wa Inna ya samu matsala. Ranar rantsar da shugaban farar hula, Kawu Sule ya kinkimo wata ƙatuwar sifika ya jingina ta da shi, wai don duk layi su ji. Na ce, "Kawu, a matsar da ita. Akwai maganaɗisu a cikinta. Hoton nan ƙwayoyin lantarki ne da ake harbowa kan gilashin suke zana shi, kuma maganaɗisu karkatar da su yake yi." Abin da nake koya wa ɗalibaina a makaranta ke nan.

Ya ce, "Ke Balaraba, nan ba aji ba ne."

Ana kunnawa, fuskokin mutanen cikin talabijin suka rine kore da shuɗi. Kawu ya miƙe yana ihu wai sojoji sun fasa miƙa mulki, sun kama tashar. Maƙwabta suka watse, Inna ta shige ɗaki tana salati. Ranar da ta daɗe tana jira, ba ta ga komai ba.

An ɗauke sifikar, amma tabon kalar yana nan a kan gilashin. Yanzu Kawu yana yawo yana cewa ni na yi wa talabijin ɗin baki, kuma Inna ta ce in ba shi haƙuri. Ni!

Ka sa ni a addu'a kada in yi wa babba rashin kunya. A gaida kowa. Kawu ma yana gaishe ka, wai in za ka aiko wani, ka duba mai ƙwari.

Ƙanwarka,
Balaraba