Yadda Na Shiga Gidana da Baya

'Yata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina masu wawashe min aljihu. Ni dai alhamdu lillahi. Hannun hagu har yanzu yana yajin aiki, ƙafar kuwa tana bin umarni, amma sai ta gama shawara.

Na ga saƙonki cewa tunda ɓarin jikina ya shanye, matakalar ƙofar gidanmu ta fi ƙarfina, in ba a gyara ba, za ki zo ki kwashe ni zuwa gidanki. Na gode. Sai dai gidanki babu bencin Mai Aski, babu Tsohon Direba da ƙarairayinsa, ni kuma ba buhu ba ne da za a ɗauka a jingine a lungu.

Likitar motsa jiki, wadda nake kira Sake-Ɗagawa don ba ta da wata magana sai wannan, ta zo ta duba ƙofar. Ta ce a kwashe takalman da ke zube a hanya, a ɗauke dardumar nan mai zamewa, a sa ƙwan fitila mai haske, a shafa farin fenti a bakin kowane tudu, sannan a kafa ƙarfen dafawa gefe biyu. Duk an yi, ban da na ƙarshen. Innarki ta ce gefe ɗaya na tukwanen fulawarta ne, sun riga ciwona zuwa gidan, ba inda za su. Ni ma na ga hannu ɗaya gare ni mai aiki, me zan yi da ƙarfe biyu? Mai walda ya tambayi wane gefe, ina zaune a bakin ƙofa ina kallon titi, na ɗaga masa hannun dama.

Gobe zan fita. Ki kwance jakarki.

Babanki.

*

'Yata,

Bayan gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Na san Innarki za ta ba ki labari da ƙari, gara ki ji daga bakin mai shi.

Na sauka lafiya lau, ƙafa mai ciwon a gaba, lafiyayyar a baya, kamar yadda aka koya min. Mai Aski har da tafi. Na zauna a benci na sha shayi kofi bayan kofi, kin kuwa san shayi ba ya zama inda aka ajiye shi. Na miƙe zan koma ciki da ɗan sauri, na fuskanci gida, sai ga ƙarfe ya koma hagu! Ba wanda ya taɓa shi, 'yata. Ni ne na juya.

Mai Aski ya ce zai goya ni. Na ƙi, don na san kafin ya sauke ni labari ya iske ki. Sai Tsohon Direba ya ce abu mai sauƙi, in yi ribas, ƙarfe zai dawo dama. Na juya wa gidana baya na fara hawa, shi yana gabana yana kaɗa hannu, taho, taho, yanke kaɗan, sai ka ce tirela yake shigarwa gareji. Masu wucewa suka ɗauka gaishe su nake, suna ta amsawa.

A tudun ƙarshe diddigena ya daki babbar tukunya, ta faɗi ta tarwatse, ni ma na tafi luu zan bi ta. Sai na ji an damƙe wuyan rigata ta baya. Innarki ce. Ashe tun fitata tana laɓe bayan ƙofa. Ko ƙwarzane ban yi ba. Na jira faɗan tukunya, bai zo ba, ta dai ƙi sakin rigar har muka shiga ciki. Wannan ya fi faɗan ba ni tsoro.

Sake-Ɗagawa da ta ji labari ta sami sabuwar magana, ta wanke ni tas, ta ce kada in ƙara hawa da baya ko da gobara ake yi. Kada ki yanke hukunci tukuna.

Babanki.

*

'Yata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Innarki da kanta ta kwashe tukwanen ta kai bayan gida, ita ta aika a kira mai walda. Yanzu ƙarfe biyu ne, duk inda na juya dama tana da abin kamawa. Ina fita, ina dawowa da fuskata kamar mutum. Tsohon Direba ya rasa aiki.

Na ji kin haƙura da kwashe ni, Allah ya yi miki albarka. Ki zo da yaran, ki bar jakar.

Jiya na kama Innarki tana hawa, ta riƙe sabon ƙarfen gam saboda gwiwar nan da take cewa lafiyarta ƙalau. Ta ce ƙura take gogewa. Tun daga ƙasa har sama ta goge shi, a hankali, ba tsumma a hannunta.

Naki har kullum,
Babanki.