Na Kafa Tanget a Ƙofar Asibitin Ƙauyenmu

Mama Salome, ki taimake ni. Duk ƙauye sun juya mini baya, kuma an ce maganarki suke ji idan ta fito a jarida. Ban yi boko ba, malamin cocinmu ke rubuta mini yana ɓata rai, na ce ya rubuta yadda na faɗa.

Ƙaramin asibitinmu a kan ƙasar ubana yake. Kyauta na bayar, ni na sari katakon. Kwatsam gwamnati ta ce ƙananan asibitoci ɓarnar kuɗi ne, za a tattara komai a asibitin gunduma, bayan duwatsu biyu da kogi. Ƙanena Gigmai ne kansila lokacin. Ya tsaya a kasuwa da sabon takalmi yana cewa ci gaba ne, wai mu tsofaffi dankali ya toshe mana kai. Aka kwashe magani, aka garƙame ƙofa.

Da damina ƙirjin matata Dirua ya tashi. Allura kawai take bukata, irin wadda a da ake yi mata a nan. Muka ɗaura buhu a sanduna biyu muka ɗauke ta. Na aika wa Gigmai ya zo ya kama mana, ya ce yana taro. A dutse na biyu ta cika. Na juyo da ita na binne ta a bakin ƙofar asibitin, kowa ya gani. Na shafa laka, na sare gaɓar yatsana, yadda muke makoki a nan. Gigmai kuwa ko hularsa bai cire ba.

Yanzu wai gwamnati ta sake shawara. Ƙasashen waje sun ba da kuɗi, an turo wata malamar jinya 'yar bakin teku, wai za a kawo firij mai aiki da hasken rana. Na kafa sandar tanget, tsiron da muke alamar hani da shi, a ƙofar, na ƙulle ganyenta. Kin san mai tsallake tanget yaƙi ya nema, kuma wanda ya kafa shi kaɗai ke cirewa. Na ce gwamnati ta zo da alade, ta tsaya kan kabarin ta ba da haƙuri, yadda duk wanda ya yi kisa ke yi a al'adarmu. Suka aiko mini takarda. Na ba aladena, ko shi bai ci ba.

To, Gigmai na tarin jini. Malamar ta ce maganinsa kullum ake ba shi a gabanta, kuma ba za a sako kayan ba sai an buɗe ɗakin. In Kirsimeti ta wuce, wani kwari za a kai su. Matarsa ta zo ta riƙe mini gwiwa tana kuka. Na ce mata buhun da sandunan suna nan bayan ɗakina, zan ara musu. Ya hau dutsen ya ga ci gaban da idonsa.

Tun ranar 'yata ta daina kawo mini abinci, alhali ta san ƙafafuna sun kumbura, ko gona ba na kaiwa sai na tsaya neman numfashi. Ki gaya musu ni ke da gaskiya.

Mai Guntun Yatsa, daga tsaunukan Simbu

*

Baba, Allah ya ba ka haƙurin rashin Mama Dirua. An cuce ka. Waɗanda suka rufe asibitin sun duba kuɗi ba su duba dutse ba, ƙanenka kuma ya yi abin kunya da ya ƙi kama sanda. Wannan na faɗa, ƙauyenku su karanta.

Sauran kuma kai za ka saurara. Gwamnati ba dangi ba ce, ba ta da ƙafar da za ta tsaya kan kabari. Waɗanda suka rufe sun daɗe da barin kujera, na yanzu kuwa tanget ɗinka bai hana su barci ba. Za su kai kayan kwarin gaba, su ce ku kuka ƙi. Masu naƙuda da jariran ƙauyenku ne za su biya, kuma ba su suka yi maka laifi ba.

Wanda zai iya tsayawa kan kabarin yana nan kusa, yana tari. Ka tura malamin coci da dattawa wurin Gigmai. Ya kawo aladen, ko ɗauko shi za a yi, ya buɗe baki ya nemi gafara a gaban jama'a. Haƙƙinka ne. Idan ya yi, ka cire sandar da hannunka a ranar, ka nemi a kewaye kabarin a sa wa asibitin sunanta. Kada ka ja lokaci, gawa ba ta ba da haƙuri. In ya mutu bayan maganar da ka gaya wa matarsa, 'ya'yansa kai za su zo su tambaya.

Kumburin ƙafa da yankewar numfashi kuma ba tsufa ba ne kawai. Ka bar malamar ta duba ka cikin makon nan. Buhun da kake ajiye wa ƙanenka, ina tsoron kai za a fara ɗorawa a kai, kuma ka kori duk masu kama sandunan.

Allah ya ba ku lafiya kai da shi, ya sanyaya maka zuciya.

Mama Salome