Karatun Malam da Talabijin Mai Wayo

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ƙanena, abokin karatuna tun ƙuruciya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da kyakkyawan fata, ina roƙon Allah Maɗaukakin Sarki Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, kai da iyalinka baki ɗaya. Ciwon bayan da ka ambata a saƙonka na baya, Allah Ya sa kaffara ne, Ya kuma kawo sauƙi. Mu nan alhamdu lillahi. 'Yar autata ta sauka lafiya, an samu mace, kuma kowa ya ɗauke ta sai ya ce hancinka ne ta kwaso, Allah Ya ba ta haƙurin zama da shi. Mai ɗakina hawan jinin ya lafa, ta koma faɗan da ka san ta da shi, wanda a wurinmu shi ne alamar samun lafiyarta. Ni kuwa gwiwa ce kawai take tuna mini shekaruna a kowace sujada.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne amanar da ka ɗora mini, kuma ina rubuta ta ne raina a ɓace. Ka tuna littafin fiƙihun da muka fara tare a gaban Malam shekara arba'in da ɗaya da suka wuce, wanda tafiyar neman abinci ta raba ka da shi saura babi uku. Ni na sauke, na kuma sha yi maka tayin in ƙarasa maka, kana cewa ba za ka ji ƙarshensa daga bakin kowa ba sai bakin da ka ji farkonsa. Da labari ya zo cewa wata tashar talabijin za ta riƙa nuna Malam yana karanta waɗannan babukan kullum bayan La'asar har tsawon mako uku, ka roƙe ni in naɗa maka, tunda tashar ba ta kai inda kake. Na amsa ba tare da tunani ba. Lokacin ya ci karo da darasin da nake ba ɗalibaina a masallaci, amma surukina Injiniya, mijin babbar 'yata, ya tabbatar mini cewa akwai talabijin ta zamani da suke kira simat, wai mai wayo, wadda za a saita mata lokaci ta naɗi shiri da kanta ko babu kowa a gida.

Haka ya ɗauke ni zuwa shagon masu sayar da su. Ɗan'uwana, ban taɓa shiga wurin da na rasa inda zan ajiye idona ba kamar wannan. Bango guda ne cike da gilasai sun fi talatin, dukkansu suna nuna abu ɗaya a lokaci ɗaya, wata mace tana tsalle-tsalle da tufafin da ba su isa a yi wa jariri zani ba. Na sunkuyar da kai, sai na tarar tayil ɗin ƙasan ma sheƙi yake, yana maido mini da abin da na gudar wa. Mai shagon, wani mai zaƙin baki da ya cika wurin da turare, ya dinga kirana Baba Alaramma yana jero mini falalar kowace ɗaya kamar mai neman aurar da 'ya'yansa. Wannan ta fi haske, waccan ta fi sirantaka, waccan kuma ana yi mata magana ta amsa. Na gaya masa ba abokiyar hira na zo nema ba, ina da ita a gida kuma ta ishe ni. Buƙatata biyu ce tak: ta naɗi karatu, kuma in wani ya kuɓuce a iya komawa a same shi. Ya rantse har sau uku, ba tare da na nemi rantsuwa ba, cewa wadda ya nuna mana tana yin duka biyun. A soka mata filash, wato ɗan ƙarfen nan na ajiye murya da hoto, a baya ta naɗa, sannan manhajar tashar tana ajiye shirye-shiryen da suka wuce.

Muka kawo ta gida, aka cire agogon bango da taswirar lokutan salla aka rataye ta a wurinsu, ta cinye rabin bangon falo. Da aka kunna ta kuwa, kafin ta nuna komai sai da ta nemi suna, ta nemi lambar sirri, ta kawo wani dogon sharaɗi ta ce a yarda. Na ce a karanta mini, domin ban saba sa hannu a abin da ban sani ba. Injiniya ya yi dariya ya ce duk duniya babu mai karantawa, ya danna. Abin da ya fi tayar mini da zuciya shi ne shafinta na farko. Ba ta buɗewa a tashar da ka bar ta, sai ta fara baje maka hajarta: hotunan finafinai, fuskoki sun sha fenti, tallan abin da ban tambaya ba. A falon da nake muraja'a da asuba! Jikokina da ke gaishe ni a durƙushe suka koma gaishe ni ido yana bango. Duk da haka na daure saboda kai. Injiniya ya saita lokacin naɗi, ya gwada da labaran safe, muka ga ta naɗa sarai, sannan ya tafi wani aiki na wata guda a nesa.

Ni kuma na yanke wa kaina shawara cewa ba zan riƙa ratsa wannan kasuwar shaiɗan kullum ba. Zan bari karatun ya taru, in buɗe sau ɗaya in surukina ya dawo. Mako uku suka cika, aka ƙara kwana tara, ya dawo. Na yi alwala, na sa a kira mai ɗakina, muka zauna kamar masu jiran baƙo mai daraja. Ya danna rimot, ya sake dannawa. Babu komai a cikin filash ɗin sai labaran safen nan na gwaji, wani mutum yana bayanin farashin taki. Na ce to a koma manhajar tashar. Ya duba, ya ce kwana bakwai kawai suke ajiye shiri, sannan su share. Zaman ƙarshe na Malam ya goge kwana biyu kafin ranar.

Ban jira azahar ba na sa ya mayar da ni shagon. Na tunatar da mai turaren rantsuwarsa uku, na gaya masa abin da malamai suka faɗa a kan mai sayar da kaya da rantsuwa. Bai ko ji kunya ba. Ya ce ai ban tambaye shi kwana nawa ake ajiyewa ba. Da ya ji cewa niyyata in aika maka filash ɗin ne, sai ya ƙara da cewa ko da ta naɗa, abin da ta naɗa a kulle yake, ba ya buɗuwa sai a jikin ita wannan talabijin ɗin. Wato sai dai in naɗe bangon falona in aiko maka! Wannan ma wai ban tambaya ba. Na ce masa wanda ya san aibin kayansa ya yi shiru, ya ci amana ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Game da rashin naɗin kuwa, ya dage cewa kayansa lafiya lau suke, sai dai in wuta ake yanke mata.

A nan ne zancen ya juyo kaina, kuma ba zan ɓoye maka ba. Da muka dawo ina ta sababi, mai ɗakina ta bari na gama, sannan ta tambaye ni, cikin ladabin nan nata da ya fi zagi ciwo, wane ne yake zare filogi daga soket kullum in an kira La'asar, ya lulluɓe gilashin da tsohon mayafinta kafin ya fita. Ni ne. Ka san ɗabi'ata tun zamanin rediyo, ba na barin wani abu mai murya a jone in an kira salla. Hannuna ya saba har ba ya shawara da ni. Kullum sai in kashe ta da hannuna minti ashirin kafin Malam ya fara, in dawo bayan Magariba in mayar don yara, ina jin kaina mai tsare gida. Na tambaye ta dalilin da ya hana ta magana. Ta ce shekara arba'in tana faɗa mini abu ina cewa ta bari na sani, ta ɗauka wannan ma na sani. Wallahi ƙyamar da na ji wa shagon nan ba ta kai rabin wadda na ji wa kaina ba a wannan rana.

Washegari na shiga mota na tafi gidan Malam, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, wadda rabona da yin ta shekara shida. Na same shi a kan shimfiɗa, ya rame ƙwarai, idanun sun tafi, amma da na yi sallama ya kira ni da sunan da yake tsokanata da shi muna samari. Na kwashe labari duka na faɗa masa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya ce bai taɓa jin ɗalibin da malaminsa ke raye a kusa da shi ba, ya je ya sayo gilashi don ya gan shi a ciki. Ya ce tashar ma tun bara suka ɗauki karatun, suka yanka shi gunduwa-gunduwa don su cusa tallan sabulu.

Na roƙe shi ya maimaita saboda kai. Kwana huɗu muna zuwa da Injiniya, yana ajiye wayarsa a gefen matashi, Malam yana karantawa da ka, ina riƙe da littafi ina bi. Wayar da ke aljihun surukina tun ranar farko ita ta yi aikin, kuma zai turo maka. Sai dai ka sani, karatun bai cika ba. Da muka kai ganyen ƙarshe na babin gado, Malam ya ɗaga hannu ya ce a kashe. Ya ce wanda ya tashi ya bar littafi a buɗe shi zai zo ya zauna a rufe da shi, ba zai yi addu'ar saukewa ga waya ba. Na ce masa hanya da nisa. Ya ce tasa tafiyar ta fi taka nisa, kuma shi ya riga ya ɗaure kayansa.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka, da babban ɗanka likita da amaryarsa, da 'yan biyu, da maƙwabcinka mai gyaran agogo da ya yi mini karamci a zuwana. Mai ɗakina tana gaishe ka, ta ce mayafinta yana nan a kan talabijin, in ka zo ka taya ta karɓowa. Injiniya ma yana gaisuwa.

Kada ka amsa mini da takarda. Muryar Malam tana raguwa kullum, a rana ta huɗu sai da na kai kunnena kusa da bakinsa. Ganye ɗaya ne ya rage, na sa tsinke a wurin. Allah Ya kawo ka a kan lokaci.

Wassalam,
Yayanka.