Ƙuri'ar Gyaɗa a Kwanyawa

Kwanyawa, Karaye.

Zuwa ga ƙanena Aƙilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya makaranta? Jiya aka karanta mana dokokin da ka rubuta wa ƙungiyarmu ta masu noman rani, tunda an ce yanzu mu za mu riƙa tafiyar da ruwanmu da kanmu. Sannu da ƙoƙari, amma ka kwafsa. Ka ce wanda zai riƙe ƙofar ruwa a zaɓe shi da layi, kowa ya tsaya bayan wanda yake so. Aƙilu, Malam Abdulmutalib da yake neman riƙe ƙofar yayan marigayi mijina ne. Ni zan wuce shi in tsaya bayan wani yana kallona? Ka kuwa san gonata ce ta ƙarshe, shi yake tare ruwan sai tasa ta ƙoshi. Bara albasata a tsaye ta bushe, da ita kuwa nake ciyar da marayun nan. Wallahi raina ya ɓaci.

Ka gaida Nuriyya.
Yayarka, Lantana.

Rogo.

Yaya Lantana,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa. Layi na zaɓa don ba a iya maguɗi a cikinsa, kuma da yawanku ba sa karatu, balle a raba takarda. Ban tuna da kunyar surukai ba. Ki faɗa min abin da kike gani, kafin zaman ranar Asabar.

Ƙaninki, Aƙilu.

Kwanyawa.

Aƙilu,

Gaisuwa. Sai ka ce ba a gidan manoma aka haife ka ba. A jera tuluna a zauren Mai'unguwa, kowane ɗan takara da nasa, a saki tabarma a ƙofa. Kowa a ba shi ƙwayar gyaɗa jiƙaƙƙiya da shuni, ya shiga shi kaɗai ya jefa. In an gama a juye a gaban jama'a. Haka ka rubuta, ban da dogon Turanci.

Lantana.

Rogo.

Yaya,

Na gaishe ki. Na rubuta, an kuma amince bayan doguwar muhawara. Malam Abdulmutalib ya ce wasan yara ne, Liman ya ce ai yaran ma ruwa suke sha. Tsorona kada mutanenki su cinye ƙuri'un a hanya.

Allah ya ba da sa'a. Aƙilu.

Kwanyawa.

Ƙanena,

Ina gaisuwa. An yi zaɓe, Usman na tsakiyar fadama ya ci. Na gaida Malam har ƙasa a ƙofar zaure, ya amsa da fara'a, bai san inda gyaɗata ta faɗa ba. Tani matar Malam ma ta fito tana ta murmushi, ban tambaye ta inda tata ta faɗa ba.

Yau da hantsi ruwa ya iso gonata. Na tsaya a cikinsa da takalmina, na kasa fita.

Allah ya yi maka albarka.
Lantana.