Madubin da Ke Hannun Halliru

Habbena, Litinin

Zuwa ga Halliru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya.

A bakin masallaci na ji wai ka ɗauki hoton Andromed, tarin taurarin nan, har ɗaliban lise, 'yan sakandare, suna kiranka malami. Da madubin hangen nesana ka ɗauka. Ajiya na ba ka shi lokacin da yanar ido ta fara rufe mini gani, ban ce kyauta ba.

Na ƙarar da ƙuruciyata ina koyar da kimiyya, ina bin Andromed da kyamarar fim, ban samu komai ba sai baƙar takarda. Kai da ka riƙa kwafar amsata a aji, ka liƙa waya a bakin madubi, ka tara ƙananan hotuna, kwamfuta ta haɗa maka. Wannan ai tsince-tsince ne.

Ka aiko mini da kayana.

Naka,
Ilyasu

Klémat, Laraba

Malam Ilyasu, abokina,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta iso da zafinta, har ta ƙona mini yatsa.

Gaskiyarka, na kwafa a aji, kuma har yau kwafa nake yi. Kai ka nuna mini inda Andromed take, kai ka koya mini daidaita madubin. Na faɗa wa yaran haka.

Ran Asabar babu farin wata. Na yi wa ɗaliban alkawari za mu je ƙauyen Gaoui, nesa da fitilun gari, su gan ta da idonsu. Duk cikinmu babu mai wani madubin. Ka bar mini shi zuwa Lahadi. Ko ma ka zo, akwai wuri a mota, ka yi musu bayani da bakinka.

A gaida Hajiya Kubura.

Halliru

Habbena, Alhamis

Halliru,

Bayan gaisuwa. In zo in zauna a tabarma, yara suna layi a bayanka, ni ina ba da labarin abin da ba na gani? Mai ajiya ba ya sa wa mai kaya rana.

Ilyasu

Klémat, Juma'a

Malam,

Ga shi nan, har da ƙafafunsa. Na gaya wa yaran an fasa. Allah ya bar zumunci.

Halliru

Habbena, Lahadi

Halliru,

Salam. Ya iso lafiya. Jiya an ɗauke wuta, na kafa shi a tsakar gida. Kubura ta ce sama fes take. Na juya shi inda na san Andromed take, ban ga komai ba sai hazo.

Wata mai zuwa ma ina da buƙatarsa.

Ka huta lafiya.
Ilyasu